Daga ƙofar gida zuwa tashar jirgi: labarin wani gari a gefen birnin Paris

Duk wanda ya taɓa sauka birnin Paris, ko ya ji labarinsa a bakin ƴan makaranta da ma'aikatan da suka je ƙaro ilimi, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa da ake kira metro. A cikin birnin, da wuya mutum ya yi tafiyar minti 10 da ƙafa bai iske ƙofar tasharsa ba. To amma birnin Paris kansa mutum miliyan 2 ne da ƴan kai ke zaune cikinsa, alhali jihar Ile-de-France, wadda Paris ke tsakiyarta, ta ɗara mutum miliyan 12. Wato a cikin kowane mutum 6 na jihar, 5 a garuruwan gefe suke kwana. Daga can suke tashi da asuba su nufi wurin aiki, wani da keke, wani da bas, wani da jirgin ƙasa, wani kuma sai ya haɗa biyu ko uku kafin ya kai.

Ɗaya daga cikin garuruwan nan shi ne Clichy-sous-Bois, a gundumar Seine-Saint-Denis. A kunnen Bahaushe, farkon sunan yana faɗuwa kamar an ce kilishi. Garin yana da mutum kimanin dubu 30, yana kuma kilomita 15 gabas da tsakiyar Paris. Duk da wannan kusanci, shekara da shekaru mazaunansa suna kukan cewa zuwa tsakiyar birni kan ci musu har sa'a ɗaya da rabi. Jirgin nan mai tsananin gudu, TGV, a cikin sa'a ɗaya yake kai mutum daga Paris zuwa Lille, garin da ya fi kilomita 200 nisa.

Gidaje sun zo, hanya ba ta zo ba

Clichy da maƙwabcinsa Montfermeil a bisa tudu suke, a bakin wani daji. A littafin Victor Hugo mai suna Les Misérables, na shekara ta 1862, Montfermeil ƙauye ne da ake aiken yarinya ɗiban ruwa da dare, nesa da gidaje. Bayan yaƙin duniya na biyu, ƙarancin muhalli ya tsananta a Faransa, aka shiga gina manyan benaye a filayen gefen birni. A shekarun 1960 aka gina unguwar Chêne Pointu a Clichy da unguwar Bosquets a Montfermeil, bisa tsarin wani sanannen mai zanen gini, Bernard Zehrfuss. An sayar da ɗakunan ma ma'aikata masu matsakaicin albashi, tare da sa ran cewa babbar hanyar mota mai lamba A87 za ta bi ta wurin, ta haɗa su da wuraren aiki.

Ba a taɓa yin wannan hanya ba. Dogo ma bai hau tudun ba, metro kuwa yana tsayawa can nesa, kusa da Paris. Masu hali suka fara sayar da ɗakunansu suna tashi, darajar gidajen ta faɗi, benaye suka lalace saboda ba a iya biyan kuɗin gyara. Waɗanda suka maye gurbinsu galibi talakawa ne, cikinsu har da iyalai da yawa ƴan asalin Afirka ta Arewa, da Afirka ta Yamma, da Turkiyya. Mutanen da suka fi kowa bukatar bas da jirgi, domin da yawansu ba su da mota, su ne suka sami kansu a inda jirgi ba ya zuwa.

Inda lokaci yake tafiya

Domin a gane matsalar, sai an san yadda jiragen jihar suke. Ban da metro, akwai manyan jiragen da ake kira RER, masu ratsa Paris ta ƙarƙashin ƙasa su ɓulla garuruwan gefe. An buɗe sashen farko a watan Disamba na 1969, sa'an nan a watan Disamba na 1977 shugaba Valéry Giscard d'Estaing ya buɗe babbar mahaɗarsu ta Châtelet-Les Halles a tsakiyar birni. Layuka 5 ne, daga A zuwa E. Layin A shi kaɗai yana ɗaukar fasinja fiye da miliyan ɗaya a ranar aiki.

Layin E, wanda aka buɗe a 1999, yana tsayawa a garin Le Raincy, a gindin tudun Clichy. Daga wannan tasha zuwa cikin Paris tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba. Ashe sauran lokacin duka tsakanin ƙofar gida da tasha yake ƙarewa: mutum ya taka zuwa wurin tsayawar bas, ya jira, bas ta zo cike ya jira wata, ta gangaro tudu ta shiga cunkoson motoci, ya iso tasha ya tarar jirgi ya tashi, ya sake jira. Da maraice kuma ya maimaita.

Akwai wata matsala ta biyu. Layukan dogo na jihar an shimfiɗa su ne kamar wayoyin ƙafar keke, kowanne ya nufi tsakiya. Wanda ke aiki a wani garin gefe, sau da yawa sai ya shiga Paris tukuna ya sake fitowa. Filin jirgin sama na Roissy-Charles de Gaulle, wanda aka buɗe a 1974, yana arewa da Clichy, ba nisa, yana kuma ɗaukar dubun dubatar ma'aikata: masu shara, masu dako, masu gadi, masu dafa abinci. Aikin da yawansu yana farawa tun kafin bas ɗin farko ta fito. Mai neman aiki da ba shi da mota, ko an kira shi, tambayar farko da zai yi ma kansa ita ce yadda zai isa wurin ƙarfe 5 na asuba.

Shekara 14 ana jiran jirgin titi

Ranar 27 ga watan Oktoba na 2005, wasu samari biyu na Clichy, ɗan shekara 15 da ɗan shekara 17, suka rasu a cikin wata tashar wutar lantarki inda suka ɓuya suna gudun ƴan sanda. Tarzoma ta tashi a garin, ta bazu zuwa garuruwan gefe da yawa na Faransa har kusan mako uku. Ranar 8 ga Nuwamba gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Dalilan tarzomar suna da yawa, amma ƴan jaridar da suka yi ta zuwa garin a lokacin sun ga da idonsu yadda shigarsa ke da wuya, maganar hanya kuwa ta shiga cikin abubuwan da hukumomi suka yi alkawarin gyarawa.

A watan Nuwamba na 2006 aka mai da wani tsohon layin dogo da ke tsakanin Bondy da Aulnay-sous-Bois layin jirgin titi, wato tram, mai lamba T4. Layin yana wucewa ta Gargan, ƴan kilomitoci daga Clichy. Abin da ya rage shi ne a ja masa reshe ya hau tudu. Nan aka daɗe ana jayayya, domin a garuruwan da reshen zai ratsa, musamman Livry-Gargan, akwai hukumomi da mazauna da suka ƙi yarda, suna cewa zai matse musu tituna. Sai ranar 14 ga Disamba na 2019 jirgin titi ya fara shiga Clichy da Montfermeil, ana tsakiyar babban yajin aikin ma'aikatan sufuri da aka fara ranar 5 ga watan. A ƙarshen Agusta na 2020 aka kai shi har asibitin Montfermeil. Yaron da aka haifa a shekarar tarzoma ya kai shekara 14 kafin ya ga jirgi a garinsu.

Amfanin jirgin titi shi ne yana da hanyarsa shi kaɗai a mafi yawan tafiyar, cunkoso ba ya riƙe shi kamar bas. Yana kai fasinja tashar RER E a Bondy. Wanda zai je filin jirgin sama kuwa sai ya sauka a Gargan, ya ɗauki na Aulnay, ya shiga RER B.

Wa ke biyan kuɗin?

Nisa ba a sa'o'i kaɗai yake ciwo ba, har a aljihu. A 1975 aka fito da katin wata da ake kira Carte Orange, wanda da shi mutum ke shiga bas, da metro, da jirgin ƙasa, ba sai ya sayi tikiti kowane lokaci ba. Amma an raba jihar zobe-zobe, wanda ya fi nisa shi ya fi biya. Ranar 1 ga Satumba na 2015 aka daidaita kuɗin katin wata, wanda sunansa ya koma Navigo, a kan Yuro 70 domin yawo a jihar duka. A 2025 ya kai Yuro 88 da santim 80, kimanin jikka 58 na kuɗin sefa. A farkon shekarar 2025 kuma aka mai da tikitin metro da jirgin ƙasa kuɗi ɗaya, Yuro 2 da rabi, kusa ko nesa, in ban da filayen jirgin sama, na bas da jirgin titi kuma Yuro 2.

Kuɗin fasinja ba ya isa ya tafiyar da jiragen. Tun 1971 doka ta aza ma kamfanoni da ma'aikatun jihar wani haraji bisa jimlar albashin da suke biya, ana zuba shi cikin asusun sufuri. Bugu da ƙari, wajibi ne mai ɗaukar ma'aikaci ya mayar masa da rabin kuɗin katinsa. Hujjar ita ce, jirgin da ke kawo ma'aikaci a kan lokaci, mai kamfani ma yana cin moriyarsa.

Abin da keke ke iyawa

Lissafin keke mai sauƙi ne. Mai tafiya da ƙafa yana cin kimanin mita 800 a cikin minti 10. Mai keke, ba tare da gaggawa ba, yana cin kilomita 2 da rabi. Idan nisan da mutum ke iya zuwa ya ninka sau 3, faɗin yankin da tasha ɗaya ke yi ma aiki ya ninka sau 9. Mai keke kuma ba ya jiran kowa, ya san minti nawa zai yi kafin ya bar gida.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Ba a shiga bas da keke, in ba mai naɗewa ba. A jiragen RER an yarda, amma ban da lokacin cunkoso na ranakun aiki, wato daga ƙarfe 6 da rabi zuwa wajen 9 na safe, da kuma daga 4 da rabi zuwa wajen 7 na yamma, daidai lokacin da ma'aikaci ke tafiya. Saboda haka dole ya bar kekensa a tasha, sata kuwa ta yi yawa. Hukumar sufurin jihar, Ile-de-France Mobilités, ta gina ɗakunan ajiyar keke masu kulle a tashoshi da dama, ana buɗe su da katin Navigo. Tun 1 ga Janairu na 2021 kuma, duk sabon keken da aka sayar a shago a Faransa sai an buga masa lamba an rubuta ta da sunan mai shi.

Kekunan haya na Vélib, da aka fara a 2007, sun fi amfanar Paris da garuruwan da ke manne da ita. Domin na nesa, a watan Satumba na 2019 hukumar ta fito da Véligo: hayar keke mai ƙaramin injin lantarki na wata 6, a kan Yuro 40 kowane wata a lokacin, kimanin jikka 26. A gari irin Clichy, inda mai dawowa daga aiki sai ya hau tudu a gajiye, injin nan ba ƙaramin taimako ba ne. Arewa da garin kuma akwai hanyar keke da ke bin bakin magudanar ruwa ta Ourcq, ta Sevran da Bondy da Bobigny da Pantin, har La Villette a cikin Paris, nesa da motoci. Wahalar ita ce ƴan kilomitocin da ke tsakanin unguwa da bakin ruwan, inda mai keke ke gogayya da manyan motoci.

Akwai kuma manya da yawa, musamman mata, da ba su taɓa koyon hawan keke ba. Ƙungiyoyi sun buɗe makarantun koyon keke na manya, irin ta garin Montreuil a wannan gunduma. Wanda ya zauna ajin karatun manya ya san irin kunyar ranar farko, ya kuma san abin da mutum ke ji ranar da ya iya.

Abin lura ga masu yankan filaye

A 2010 Faransa ta yi dokar da ta kafa babban aikin Grand Paris Express: kilomita 200 na sabon metro mara direba, da tashoshi 68, mafi yawansa yana zagaya Paris domin haɗa garuruwan gefe da junansu. An shata ma layi na 16 tasha a Clichy-Montfermeil, tsakanin Sevran, inda RER B ke wucewa, da Chelles, inda RER E ke wucewa. An so a buɗe wani sashe na layin kafin wasannin Olympic na 2024, hakan bai yiwu ba.

Haƙa rami a ƙarƙashin garin da aka riga aka gina aiki ne na biliyoyin Yuro, ba kowace ƙasa ke iya shi ba. Abin da ya fi araha shi ne wanda ba a yi ma Clichy ba a shekarun 1960, lokacin da wurin yake fili. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Magajin gari ko ma'aikacin da ke yanka filaye a gefen birni, kafin ya sa hannu a takarda, ya kamata ya duba taswirar ya nuna ta inda bas za ta bi, da inda za ta tsaya, da faɗin da aka bar ma mai keke da mai ƙafa, ya kuma ƙidaya minti nawa ɗan makaranta na gidan ƙarshe zai yi kafin ya kai ajinsa.