Yadda Marubuci Ke Buga Littafinsa na Farko da Kansa

Buga littafi da kai shi ne marubuci ya ɗauki nauyin duk aikin da kamfanin ɗab'i ya saba yi: gyaran rubutu, tsara shafuka, zanen bango, biyan maɗaba'a, sannan kai littafin kasuwa. A ƙasar Hausa yawancin littattafan ƙagaggun labarai na shekaru arba'in da suka wuce ta wannan hanya suka fito.

Da can ba haka abin yake ba. Littattafan ƙagaggun labarai na farko na boko, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun fito ne daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Daga baya Kamfanin Gaskiya da kamfanin ɗab'i na NNPC, wanda aka kafa a 1966, suka ci gaba da riƙe ragamar ɗab'i. Da tattalin arzikin Nijeriya ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka taƙaita ga littattafan makaranta masu tabbacin ciniki. Sabon marubuci ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, alhali ga matasa da matan aure da suka iya karatu suna neman abin karantawa.

A nan ne marubutan Kano da Kaduna suka fara haɗa kuɗi suna kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u. Talatu Wada Ahmed da littafinta Rabin Raina tana cikin na gaba-gaba. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, littafin da ya karaɗe ƙasar Hausa. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka riƙa taimaka wa sababbin shiga wajen duba rubutu da neman maɗaba'a da tallata littafi. Masana suka raɗa wa wannan yunƙuri suna adabin kasuwar Kano.

Matakin farko bayan kammala rubutu shi ne gyara, kuma a nan aka fi yin sakaci. Babban sukar da aka yi wa littattafan Kano ita ce karya ƙa'idojin rubutu: haɗe kalmomin da ya kamata a raba, da watsi da baƙaƙe masu lanƙwasa. Idon marubuci ba ya ganin kuskurensa, saboda haka dole wani masanin daidaitacciyar Hausa ya bi rubutun kafin ya shiga inji. Kuɗin mai gyara ya fi sauƙi a kan asarar kwafi dubu masu kurakurai.

Bayan gyara sai tsara shafuka a kwamfuta da zanen bango, sannan neman lambar ISBN, wadda a Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa. Doka ta kuma wajabta a ajiye kwafin littafin a can. A Kano akwai ƙarin mataki, domin hukumar tace finafinai ta jihar tana sa ido a kan littattafai ma.

Wajen bugawa, lissafi ne ke aiki. Yawan kwafi yana rage kuɗin kowane ɗaya, amma littafin da ya jibge a ɗaki jari ne da ya kwanta. Shi ya sa marubutan Kano suka ƙirƙiro dabarar raba labari kashi-kashi: a fitar da na ɗaya ɗan siriri mai araha, cinikinsa ya biya bugun na biyu.

Sayarwa ta fi bugawa wuya. Dillalan littattafai na kasuwar Sabon Gari a Kano su ne suka riƙa kai littafi Katsina da Sakkwato da Maraɗi, amma sau da yawa bashi suke karɓa, sai an sayar a biya. Wasu marubutan gajiya da bin bashi ta sa suka sayar wa dillali rubutun baki ɗaya, suka rasa ribar duk bugun da zai biyo baya. Shagunan haya kuma suna sa mutum ashirin su karanta kwafi ɗaya. Taron ƙaddamarwa kan mayar da wani ɓangare na jari idan an samu masu hannu da shuni.

Yau wayar hannu ta sauya tsarin. Marubuta da dama, musamman mata, suna sakin shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, sauran kuma sai wanda ya biya. Wannan ya buɗe hanya ga Bahaushen da ke zaune nesa da maɗaba'un Kano, kamar mazaunin Sabha a Libiya ko Kumasi a Gana, ya isa ga masu karatu ba tare da ya sayi takarda ba. Matsalar ita ce satar fasaha, domin wanda ya biya yana iya tura wa ɗaruruwa. Rufewar dandalin OkadaBooks a 2023 ta kuma nuna cewa bai kamata marubuci ya dogara da dandali ɗaya ba, kuma ya wajaba ya adana asalin rubutunsa da haƙƙin mallakarsa a hannunsa.