Hukuncin yin allurar rage ƙiba

Tambaya: Likita ya rubuta mini allurar rage ƙiba, amma wasu 'yan uwa sun ce wannan ragwanci ne da canja halittar Allah, wai in kame bakina kawai. Mene ne hukuncinta?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah.

Neman magani halal ne. Annabi (SAW) ya yi umarni da shi a hadisin Usama bin Sharik wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Ƙibar da ta wuce kima tana jawo ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa, don haka magance ta kawar da cuta ce, ba ta shiga canja halittar da aka hana.

Allurar da ake ta muhawara a kanta, Ozempic da Wegovy, sinadarinsu ɗaya ne. An amince da ta farko a Amurka a 2017 domin ciwon suga, ta biyu kuma a 2021 domin ƙiba. Ana yin ta sau ɗaya a mako a ƙarƙashin fata. Tana rage sha'awar abinci, tana sa ya daɗe a ciki. Takan jawo tashin zuciya, amai ko gudawa, ba a ba mai juna biyu, kuma da yawa nauyinsu kan dawo idan sun daina. Saboda haka sharaɗi ne likita ya rubuta ya kuma bibiya. Wanda jikinsa lafiya lau, yayi kawai yake bi, bai halatta ya ɗora wa kansa cutarwa ba. Haka hukuncin yake ga masu shan "sha ka fashe" don su yi ƙiba. A kula da jabu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansu a 2024.

Maganar 'yan uwanka kuwa akwai gyara. Gaskiya ne Suratul A'araf aya ta 31 ta hana wuce iyaka a ci da sha, kuma allura ba ta ɗauke wannan. Amma ba kowane mai ƙiba ne mai haɗama ba. Akwai gado, akwai haihuwa, akwai magungunan da kan sa jiki ya buɗe. Nana A'isha (RA) da kanta ta ba da labarin tserenta da Annabi (SAW): ta wuce shi da farko, bayan ta yi jiki ya wuce ta, sai ya mayar da abin raha. Kiran mutum "tulu" ko "mai tumbi" don a muzanta shi yana cikin abin da Suratul Hujurat aya ta 11 ta haramta, ko da da sunan nasiha ne.

Allurar ba ta karya azumi, tunda ba ta abinci ba ce. Wannan ne matsayar Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Jidda a 1997 game da irin waɗannan allurai. Sai dai ka shawarci likitanka kafin Ramadan saboda ƙarancin ruwa a jiki.

Allah ne Mafi sani.