Adon ɗaki da tsofaffin kayan jere

Adon ɗaki da tsofaffin kayan jere shi ne dawo da kayan da iyaye da kakanni suka yi amfani da su, irin su tasa da langa da akushi da ƙwarya da gadon ƙarfe, a sa su cikin ɗakin zamani domin ƙawata shi da kuma tunawa da masu su. A Turai da Amurka wannan salo ya daɗe, har masu cinikin tsofaffin kaya suna raba su aji biyu: abin da ya kai shekara 100 ajinsa daban, wanda ya wuce shekara 20 amma bai cika ɗari ba shi ma ajinsa daban. A ƙasar Hausa ba a yin wannan rabo. Akan dai ce "kayan da" ko "kayan gado", kuma mafi yawansu daga jere suka fito, wato kayan da ake shirya wa amarya a ɗakinta.

Ma'anar kalmomi

Kalmar jere ta fito ne daga aikatau "jera", wato ajiye abubuwa ɗaya kusa da ɗaya bisa tsari. Tana nufin aikin da kansa, tana kuma nufin kayan da aka jera. Matan da suke zuwa gidan ango kafin a kai amarya domin su shirya ɗakin, waɗanda galibi gwaggonni ne da innoni da yayyen amarya, su ake kira 'yan jere. "Kayan ɗaki" ya fi jere faɗi, domin ya haɗa da gado da katifa da kujeru da labule.

Akwai wani abin lura ga mai nazarin harshe. A rubutun boko, gado na kwanciya da gado na abin da mamaci ya bari iri ɗaya ake rubuta su, amma a baki sun bambanta: a na biyun ana jan wasalin farko, kuma murya tana sauka a gaɓar ƙarshe. Saboda haka "kayan gado" a rubuce yana iya zama zanen gado da matasai, yana kuma iya zama abin da aka gada. A wannan maƙala ma'ana ta biyu ake nufi.

Yadda kayan jere suka sauya

Kafin kayan Turai su yawaita, jeren mace ƙore ne da akusa da tukwanen ƙasa. Akan sassaƙa ƙwarya ko a yi mata zane da wuƙa mai zafi, a ɗora ƙanana a kan manya, a rufe da faifai, wasu kuma a rataye su a ragaya. 'Ya'yan sarakuna da na attajirai su ne ake sa wa tasoshin tagulla, kuma maƙeran Nufawa na Bida sun yi suna wajen ƙera su da yi musu zane da ƙaramar guduma. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga labarin da wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau ta ba ta, yana cikin wuraren da aka bayyana al'adun aure na wancan lokaci daga bakin mace.

A ƙarni na 20 kwanon langa ya shigo ya mamaye ɗakuna. Ƙarfe ne ake shafa wa garin gilashi a gasa shi a wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 800, sai ya fito da santsi da launi, galibi da zanen furanni ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Da farko daga Turai ake kawo shi, musamman Cekoslobakiya, daga baya kuma daga Hong Kong. Daga wajen 1960 aka fara yin sa a masana'antun cikin Najeriya, ya yi araha, har talaka ma ya iya cika bango da shi. A wannan zamani ne aka san fanteka da kwalla da manyan farantai da ake jerawa tun daga ƙasa har kusa da rufi. Barbara Cooper, a littafinta kan aure a Maraɗi wanda ya fito a 1997, ta nuna cewa irin wannan sauyi daga ƙwarya zuwa kwano ya faru a Jamhuriyar Nijar ma.

Bayan langa sai samira, sai tangaran, sai kuloli. Wurin ajiyar ma ya sauya: daga ƙasa da bango kaya suka koma cikin kwaba, wato kabad mai gilashi. Gado kuwa ya tashi daga na kara da na ƙasa zuwa gadon ƙarfe mai rumfa, sannan na katako. A birane yau jere ya bar uwar ɗaka ya koma kicin, kuma da wuya a ga kwano ko ɗaya a inda amarya take karɓar baƙi.

Matsayin kayan ga mace

Ba za a gane darajar waɗannan kaya ba sai an san cewa ba don cin abinci aka saye su ba. Kwanon jere yakan shekara ashirin ba a zuba masa tuwo ba. Aikinsa biyu ne. Na farko, shaida ne: duk matar da ta shigo ganin ɗaki tana ƙirga jeren da ido, ta san ƙoƙarin uwar amarya da yawan danginta da ƙawayenta, tun da yawancin kayan daga gudummawar biki suke fitowa. Na biyu, ajiya ce. Kayan ɗaki mallakar mace ne, ba na miji ba. Idan aure ya mutu da su take fita, idan rashin lafiya ko yunwa ta zo takan zare kwano ɗaya ta ba dillaliya ta sayar, idan kuma 'yarta ta isa aure daga cikinsu take fara haɗa mata nata. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike kan yara a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa ribar tallan da 'yan mata suke yi wani kaso nata yana tafiya ne wajen tara musu kayan ɗaki.

Ke nan tasar da aka tarar a ƙarƙashin gadon kaka tana iya zama ta ratsa ɗakuna uku ko huɗu kafin ta iso nan.

Dalilan ɓacewar kayan

Babban dalili shi ne kallon da ake yi musu. Da zarar yayi ya wuce, abin da jiya ake alfahari da shi sai ya koma "kayan ƙauye", a kai shi sito ko a bar wa yara su yi wasa. Wajen rabon gado ma akan yi musu kuɗi a dunƙule, domin babu magajin da yake son ɗaukar su. Daga nan hanyarsu ɗaya ce: 'yan gwangwan da 'yan jari-bola, waɗanda suke saye a kan sikeli. Tasar da maƙeri ya kwana biyu yana yi wa zane, a wurin mai sikeli nauyinta kawai ake biya, kuma ƙarshenta narkarwa. Gadajen ƙarfe masu rumfa da yawa ta nan suka tafi. Ƙwarya da akushi da faifai kuwa ba sa ma kaiwa ga haka, gara da ƙwari da danshin damina sun ishe su.

Abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da ake zubar da na gaske, ana hayar kwaikwayonsu. A bukukuwan birni, musamman ranar kamu da abin da ake kira ranar ƙauyawa, masu ado sukan cika wuri da ƙore da tabarmi da faya-fayai sababbi fil, a ɗauki hoto, washegari a kwashe.

Yadda ake sa su a ɗakin zamani

Bambancin jeren da da wannan ado shi ne yawa. Jere yana magana ne da adadi, shi ya sa kwano hamsin iri ɗaya ya fi kwano biyar daraja. A ɗakin yau, wanda kujeru da talabijin suka riga suka cinye rabinsa, kwano hamsin cunkoso ne kawai. Masu wannan ado sukan zaɓi abu kaɗan, su ba kowanne sarari. Farantan langa uku ko biyar a bango mai farin fenti sun fi fitowa a kan bango cike da su. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a ginin Hausa, domin magina sukan manna faranti ko tasa a tsakiyar rufin ɗaurin guga, daidai inda bakunan gizo suke haɗuwa, kamar yadda ake gani a wasu tsofaffin soraye.

Hanya ta biyu ita ce a ba tsohon abu sabon aiki. Babban tiren tagulla idan aka yi masa ƙafafun katako ya zama teburin shayi. Akwatin ƙarfe na lefe yakan zama wurin ajiye barguna a ƙarshen gado, adudu ya karɓi kayan ɗinki, akushi ya karɓi dabino ko goro na baƙi. Ƙafar tsohon keken ɗinki na Singer, da yake ƙarfe ce mai nauyi, tana ɗaukar faffaɗan katako ta zama teburin karatu. Gwado ko luru ko saƙin da ya tsufa ba zai jure wanki ba, amma yana yin kyau idan aka shimfiɗa shi a bayan kujera ko aka rataye shi. Sai dai akwai iyaka: huda tasa ko yi wa akushi fentin mai domin ya dace da launin labule ɓarna ce da ba ta gyaruwa.

Wanda bai gaji komai ba yana iya nema wurin dillalai mata, waɗanda su ne suka fi sanin gidan da ake son rabuwa da tsohon jere, ko a tsofaffin kasuwanni irin Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun ƙarni na 15 a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A can ana samun tumtum na fata da kayan tagulla da saƙa, amma tsoho da sabo a gauraye suke, kuma akan dusashe sabo da gangan domin ya yi kama da tsoho. Zuwa gidan tarihi na Gidan Makama yana taimaka wa ido ya saba da yadda na ainihi yake. Tsohuwar langa takan fi ta yanzu nauyi, kuma wasu suna da hatimin ƙasar da aka yi su a gindi.

Hannun mai ɗaki

Abin da yake raba ɗakin mutum da shagon kayan tarihi shi ne abubuwan da suka shafe shi shi kaɗai. A gidajen Hausa, allon zayyana da aka yi wa yaro ranar saukar Alƙur'ani yana cikin waɗanda aka fi ajiyewa, kuma saboda ayoyin da suke jikinsa a sama ake rataye shi, a wuri mai tsabta. Akwai hotunan iyaye na baƙi da fari, da matasan da mai ɗakin ta yi wa ɗinkin hannu, da kaskon turaren wuta da uwa ta ba 'yarta, da zanen dagi da aka yi a kan fata ko a jikin ƙofa. Ƙamshi ma yana cikin ado, domin mata da yawa da haɗin turarensu ake gane ɗakinsu.

Yana da amfani a rubuta sunan mai kayan da garinta da kimanin shekarar aurenta a 'yar takarda a manna a gindin abin, tun tsofaffin da suka san labarin suna raye. Tasar da aka san ta wace ce da wuya jika ya kai ta sikeli.

Kulawa da kayan

Langar da ta ɓantare tana tsatsa ta wurin ɓantarewar, don haka a wanke ta da ruwa da sabulu kawai, a goge ta bushe, kada a sa mata soson ƙarfe. Wasu tsofaffin launuka, musamman ja da ruwan ɗorawa, an haɗa su da darma ko kadmiyom, waɗanda guba ne ga jiki. Saboda haka tsohon kwanon da ya fashe ya tsaya a ado, kada a dafa ko a ajiye abinci mai tsami a ciki. Tagulla kuwa lemon tsami da toka mai laushi ko jiƙaƙƙiyar tsamiya suna fito da haskenta, amma yawan dirza yana cinye zanen, kuma duhun da yake kwance cikin ramukan zanen shi ne yake fito da shi.

Fata tana tsagewa da hunturu, tana fumfuna da damina. Shafa mata man kaɗe kaɗan da nisanta ta da bango mai danshi yana tsawaita kwananta. Tufar da aka rina da baba, irin ta marinar Ƙofar Mata, tana koɗewa idan rana tana dukanta ta taga. Ƙwaryar da ta tsage ba a yar da ita, gyartai yana ɗinke ta, ko da yake masu wannan sana'a sun yi ƙaranci a birane.

Doka

A Najeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta sa kayan sana'ar hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Irin waɗannan ba a fita da su daga ƙasar sai da izinin hukumar, kuma dokar ta taƙaita cinikinsu ga waɗanda hukumar ta amince da su. Langa da samira da gadajen ƙarfe na masana'anta ba su shiga wannan rukuni ba, amma tsohuwar tasar Bida ko akushin da ya haura shekara ɗari yana iya shiga.