Wa ke biyan mai kallo idan aka katse tashoshin talabijin a Amurka?

A ranar 31 ga watan Agustan 2023, ana tsakiyar gasar tanis ta US Open, tashar wasanni ta ESPN da wasu tashoshin kamfanin Disney suka ɗauke daga akwatunan talabijin na gidaje kusan miliyan 15 a Amurka.

Musabbabin hakan shi ne takaddama tsakanin Disney da kamfanin Charter, wanda ke kai tashoshi gidajen jama'a ta waya.

A ƙa'ida, irin waɗannan kamfanoni kan biya masu tashoshi wani kuɗi a kan kowane gida da ke kama su. Idan wa'adin yarjejeniya ya cika ba a daidaita kan sabon farashi ba, sai a janye tashoshin, alhali mai kallo ya riga ya biya kuɗin wata.

Sai ranar 11 ga watan Satumba aka sasanta, kuma abin da Charter ya rage wa masu hulɗa da shi dala 15 ne.

An sake yin haka a watan Satumban 2024 tsakanin Disney da DirecTV, inda aka shafe kusan mako biyu, sannan a ƙarshen 2025 tsakanin Disney da YouTube TV. Kamfanonin biyu sun yi tayin rangwamen dala 20, amma sai mutum ya shiga shafinsu na intanet ya nema da kansa.

A nan ne gizo ke saƙar. Kamfanin ne ke yanke adadin, shi ne kuma ke tsara yadda za a karɓa, domin sharuɗɗan da mai kallo ya amince da su galibi sun ba kamfani damar sauya jerin tashoshi. Wanda bai ji sanarwa ba, ko dattijon da bai saba da intanet ba, yana iya tashi a tutar babu.

A watan Janairun 2024 hukumar kula da harkokin sadarwa ta Amurka, FCC, ƙarƙashin shugabarta ta wancan lokaci Jessica Rosenworcel, ta gabatar da shawarar tilasta wa kamfanonin waya da na tauraron ɗan-adam mayar da kuɗi idan aka yi irin wannan katsewa.

Sai dai shawarar ba ta haɗa da masu watsa tashoshi ta intanet ba, irin su YouTube TV, wanda ke da masu hulɗa sama da miliyan 8.