Kwanon Samira Da Abin Da Ke Cikin Shafensa

 Yau maganarmu a kan kwanukan da ake jera wa amarya ce, watau samira da langa da fanteka.

Wannan shafe mai ƙyalli da kuke ce wa fenti, gilashi ne. Ana niƙa shi ya zama gari, a dama, a shafa wa ƙarfe, kana a gasa da zafin da ya kai wajen digiri 800 har ya narke ya manne. Aikinsa ya raba ƙarfe da abinci don kada tsatsa ta kama.

Amfaninsa da cutarsa duka suna ga abin da aka haɗa masa. Boraks yana sa ya narke da sauri. Kobal da nikel su ke sa ya kama ƙarfe sosai. Titaniyam yana ba shi fari, yana kuma taimakonsa jure tsami. Amma launin ja da rawaya sau da yawa daga kadmiyam suke, waɗansu masu ƙira kuma sun sa dalma domin ƙyalli. Waɗannan biyu guba ne. Kadmiyam yana ɓata ƙoda. Dalma tana rage jini, tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro. A Zamfara a 1 shekara guda, 2010, dalmar duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400. Wadda ke fita daga kwano kaɗan ce, amma taruwa take yi a jiki.

Tsami shi ke jawo ta. Saboda haka kada kunun tsamiya ko zoɓo ko nono ya kwana a kwano mai ja ko rawaya a cikinsa. A zuba a ƙwarya mai tsabta.

Idan kun je kasuwar Maigatari ran Alhamis, ku zaɓi mai farin ciki, ku shafa da yatsa ku ji ko akwai tsaga. Kada a cuɗa shi da yashi. Wanda ya ɓare har baƙin ƙarfe ya fito, datti yana maƙalewa a gurbin, ɓarɓashi kuma yana shiga abinci. A raba shi da tuwon yara. Masu launi kuwa a bar su a jere, can ne wurinsu.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.