Karatu A Tsibirin Jami'o'i Na Panyu: Bayani Ga Iyayen Da Ke Shirin Tura Yaro Gwanzu



'Yan uwa da dama suna tambayata batun tura yara karatu ƙasar Sin, musamman birnin Guangzhou, wanda 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu. Ni injiniyan lantarki ne, a Turai na yi digirina cikin shekarun 1990, kuma aiki yana yawan kai ni Gwanzu duba na'urori a masana'antu kafin a yi lodinsu. Mutanenmu sun san Gwanzu a matsayin kasuwa, amma kaɗan ne suka san ta a matsayin garin karatu, kuma haɗa waɗannan biyun a kan yaro ɗaya shi ne abin da na fi gani yana ɓata wa ɗalibanmu karatu.

Panyu gunduma ce a kudancin birnin. Da gari ne mai cin gashin kansa, sai a shekarar 2000 aka mayar da shi gundumar Gwanzu. A cikin kogin Zhujiang da ya ratsa yankin akwai wani tsibiri mai suna Xiaoguwei, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 18, inda gwamnati ta gina wa jami'o'i goma mazauni a wuri guda, aka buɗe a watan Satumba na 2004. Sinawa na ce masa Daxuecheng, wato garin jami'o'i. Biyu daga cikinsu su ne manya ta fuskar bincike: Jami'ar Sun Yat-sen da aka kafa a 1924, da Jami'ar Fasaha ta Kudancin Sin, wadda aka fi sani da SCUT, da aka kafa a 1952. Dukansu na gwamnatin tsakiya ne. Akwai kuma Jami'ar Fasaha ta Guangdong, da Jami'ar Guangzhou, da ta harsunan waje, da ta maganin gargajiya, har da makarantar kiɗa da ta zane. A wajen tsibirin, amma duk a cikin Panyu, Jami'ar Jinan na da reshe, SCUT ma ta buɗe wani sabon reshe a 2019.

A lura da kyau: sunan jami'a ba ya nuna inda yaro zai zauna. Tsohon mazaunin SCUT yana Wushan a gundumar Tianhe, Sun Yat-sen kuma tana da rassa har a biranen Zhuhai da Shenzhen. A duba sunan reshen tun kafin a biya kuɗin jirgi.

Hanyar shiga iri biyu ce. Ko dai iyaye su ɗauki nauyi, ko a nemi tallafin gwamnatin Sin da hukumar CSC ke bayarwa. Cikakken tallafin ya haɗa da kuɗin makaranta, da ɗakin kwana, da inshorar lafiya, da alawus na wata: yuwan 2,500 ga mai digirin farko, 3,000 ga mai digiri na biyu, 3,500 ga mai digirin digirgir. Ana nema ta ofishin jakadancin Sin da hukumomin ƙasar ɗalibi, ko kuma kai tsaye ta jami'ar. A Nijeriya hanyar farko ta daɗe tana bi ta shirin BEA na Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, amma a 2025 gwamnati ta ba da sanarwar dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a shirin, saboda haka hanyar jami'a ce ta fi saura a buɗe. Mu da ke zaune a waje kuma, mu sani fasfo ɗin da yaro ya nemi gurbi da shi, ƙasar nan ake lissafa shi a kanta. Idan bai cika shekara 18 ba, sai an nemo masa mai tsaya masa da ke zaune a Sin. Ba a bukatar ejan, ɗalibi da kansa yake cike takardu ta intanet. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi yana da gurbin tallafi a hannu, a tambaye shi a wane ofis yake aiki.

To, sai batun harshe, wanda shi ne ƙashin bayan al'amarin. Akwai kwasa-kwasan da ake koyarwa da Turanci, iyaye kuma sukan saki jiki da jin haka. Amma ƙa'idar da Ma'aikatar Ilmi ta Sin ta fitar a 2018 ta ce ko mai karatu da Turanci, ana son kafin ya kammala digirin farko Sinancinsa ya kai mataki na 4 na jarrabawar HSK, mai digiri na biyu ko na uku ya kai mataki na 3, wanda ya yi karatunsa da Sinanci kuwa mataki na 5. Ko ba don takarda ba, a ɗakin gwaje-gwaje mai kula da na'urori da Sinanci zai yi maka bayani, taron mako-mako na malami da ɗalibansa yawanci da Sinanci ake yi, sanarwar sauya ranar jarrabawa ma haka take zuwa a WeChat. A matsayina na injiniya, na fi son yaro ya ba da shekara guda cur ga harshen, ya shiga aji ɗaya da 'yan ƙasa, ko da zai sha wuya a lissafi da fiziks a shekarar farko, a kan a ware shi a ajin baƙi zalla. A ajin 'yan ƙasa ake gogayya ta gaske, can kuma zai yi abokan da gobe su ne injiniyoyin masana'antun Foshan da Dongguan da Shenzhen. Wani abin da kan rikita sabon zuwa: Mandarin ake koyarwa a aji, amma tsofaffin mutanen Panyu Kantonis suke yi a tsakaninsu. Kada yaro ya ɗauka kansa ne ya toshe idan ya kasa gane hirar dattawa a kasuwa.

Yanzu ga inda nake son iyaye da kawunnai su natsu. Jami'a za ta aiko da takardar gurbi tare da fom ɗin JW201 ga mai tallafin gwamnati, ko JW202 ga mai biyan kuɗinsa. Da su ake neman bizar X1, ta karatun da ya wuce kwana 180. Bizar ta shiga ce kawai. Cikin kwana 30 da sauka dole a mayar da ita izinin zama a ofishin shige da fice na 'yan sanda, bayan gwajin lafiya. Wanda zai zauna a wajen makaranta sai ya yi rajista a caji ofis na unguwar cikin awa 24. Izinin zaman a ɗaure yake da karatun: idan makaranta ta cire sunan yaro saboda ƙin halartar aji, izinin ya tafi. Mai tallafi kuma kowace shekara ana duba sakamakonsa kafin a ci gaba da biyansa.

Dokar shige da fice da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2013 ta hana ɗalibi yin aiki a wajen makaranta sai da amincewar jami'a da kuma rubuta hakan a izinin zamansa. Tarar aiki ba izini yuwan 5,000 ce zuwa 20,000, idan abin ya yi tsanani har da tsarewa. Wuce wa'adin zama yuwan 500 ne a kullum har zuwa 10,000, kuma ana iya korar mutum a hana shi dawowa na shekaru.

Me ya sa nake nanata wannan? Daga tsibirin, yaro ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 4, ya sauya zuwa layi na 5 a Chebeinan, bai cika awa ɗaya ba ya isa Xiaobei, matattarar 'yan kasuwar Afirka. Pazhou, inda ake baje kolin Canton sau biyu a shekara, ta ma fi kusa. Da an ji a Kantin Kwari ko Sabon Gari cewa ɗan wane yana Gwanzu, shi ke nan waya ta fara ƙara. Kawu na son a duba masa shadda, gwaggo na son labule da kayan kicin na ɗiyarta, abokin baba na da kaya a kago da suka maƙale. Yaro ba zai iya ce wa babba a'a ba. Yau ya bar aji ɗaya, gobe biyu, ya ɗanɗana la'ada, sai ka ga alawus ɗin wata ya zama abin raini a idonsa. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa da suka ƙare ba digiri, ba kuma jarin kirki. Uba ne ya kamata ya tsaya ya ce wa dangi ɗansa ba ɗan aike ba ne, don nauyin bakin yaro ba zai bar shi ya faɗa ba. A kuma ja masa kunne kada ya karɓi ƙunshin kowa a filin jirgi, domin a dokar Sin safarar giram 50 na hodar heroin na iya kai mutum ga hukuncin kisa.

Batun abinci da ibada da sauƙi, idan an san ƙa'ida. Yaro ya haddace haruffan kalmar qingzhen, ita ce alamar halal, kuma shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi ba su da wuyar samu. Dokar ɗaliban waje ta 2017 ta ce jami'a ba ta ba da wurin ibada, kuma ba a wa'azi ko taron addini a harabarta. Juma'a sai an shiga gari, ko masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya, ko na Xianxian, inda Musulmin Sin ke danganta wani kabari ga sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, duk da cewa malaman tarihinmu a Baƙi'a suka ce aka binne shi. WhatsApp da Facebook a toshe suke, sai iyaye su saka WeChat a wayoyinsu, su kuma tuna agogon Sin na gaban na Nijeriya da Nijar da awa 7.

Ba zan ɓoye abin da ya faru a watan Afrilu na 2020 ba, lokacin korona, da aka fitar da 'yan Afirka da yawa daga gidajen haya da otal-otal a Gwanzu, har kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gana da jakadan Sin a Abuja kan maganar. Ɗaliban da suka fita hutu kuma sun maƙale a gida daga Maris 2020 har zuwa Agusta 2022. Nijeriya na da ƙaramin ofishin jakadanci a Gwanzu, yaro ya san inda yake tun makon farko.

Saura amfanin takardar bayan an gama. Ƙasar Sin ta zama cikakkiyar mamba a Yarjejeniyar Washington a 2016, wadda a ƙarƙashinta ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Kanada ke amincewa da digirin injiniya na juna. Amma kwas-kwas ake tantancewa, ba jami'a ɗungurungum ba, saboda haka a tambayi jami'ar a rubuce ko hukumar CEEAA ta tantance ainihin kwas ɗin da yaro zai shiga. Mai komawa Nijeriya zai kai takardunsa Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya a tantance, ya yi bautar ƙasa, sannan ya nemi rajista da COREN, kuma a nan za a sake neman sakamakonsa na sakandare. Jami'o'in Sin takardu biyu suke bayarwa, ta kammala karatu daban, ta digiri daban. Kada yaro ya baro Panyu sai ya riƙe dukansu a hannu, tare da cikakken sakamakon jarrabawoyinsa da Sinanci da Turanci, mai hatimin makaranta.