Daga ina nauyin damin gero yake fitowa?

Manomi ya shuka ƙwayar geron da ba ta wuce cikin tafin hannu ba, bayan wata uku ya ɗaure damin da sai ƙato ne zai iya ɗaga shi. Gonar kuwa ba ta lotsa ba, ƙasarta na nan yadda take. To daga ina nauyin ya fito?

Wannan tambaya ta daɗe tana damun masana. Wani likita mutumin Burasels, babban birnin Beljiyam ta yau, mai suna Jan van Helmont, ya dasa itace mai nauyin kimanin kilo 2 a tukunyar da ya zuba wa busasshiyar ƙasa kilo 90. Shekara 5 yana ba shi ruwa kawai. Da ya sake aunawa, itacen ya kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rasa bai kai giram 60 ba. A rahoton da aka buga a 1648, bayan rasuwarsa, ya ce ruwa ne ya zama itace. Ya yi kusa da amsar, amma akwai abin da ma'auninsa bai kama ba: iska.

A jikin kowane ganye akwai 'yan ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta nan yake zuƙar iskar kabon, saiwa kuma ta turo ruwa daga ƙasa. Sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, wato kulorofil, shi ke kama hasken rana, da ƙarfin hasken ne ake raba ruwan, a saki iskar oksijin da muke shaƙa, a haɗa sukari. Sukarin nan ne ke zama kara da zangarniya da ƙwaya. Masana na kiran wannan aiki fotosintesis.

Kusan rabin nauyin busasshen kara kabon ne, kuma daga iska ya zo, duk da cewa iskar kabon kimanin kashi 4 ce kacal cikin 10,000 na iskar da ke kewaye da mu. Taki fa? Rabonsa a nauyin kaɗan ne, amma da shi ake gina kulorofil. Shi ya sa masarar da ta rasa taki ganyenta ke komawa rawaya, ta tsumbure.

Sai dai ganye na cikin tsaka mai wuya. In ya buɗe kafofinsa don ya sami kabon, ruwa na tsere masa ta nan. In ya rufe, girki ya tsaya. Gero da dawa da masara da rake suna da wata dabara ta tara kabon a cikin ganye, don haka ba sai sun wangale kafofin ba, kuma zafi bai cika rage musu aiki ba. Alkama ba ta da wannan baiwa. Ba banza ba manoman Kadawa da Hadeja ke jiran sanyin hunturu kafin su shuka ta.

Gawo kuwa nasa salon daban ne. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke cika da ganye, shi kakkaɓe nasa yake yi, sai rana ta sauka kan geron da ke gindinsa, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Da rani ya tofo, yana jan ruwa da doguwar saiwarsa, dabbobi su sami inuwa da 'ya'yansa.

A jihohin Maradi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka rage sare tohon kututture a lokacin sharar gona, suna zaɓar masu ƙarfi su bar su su girma. Saiwar tana da rai, ganye kawai take nema. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5.

A wannan ɓangaren na iyaka kuwa, buhunan gawayi ne jere a bakin manyan hanyoyi, kuma da wuya ka ga laifin uwargidan da tsadar gas ta mayar da ita kan murhu. Baƙin da ke cikin buhun shi ne kabon ɗin da itace ya kwashe shekaru yana tsinta daga iska. Kafin tuwon dare ya nuna, abin da aka zuba a murhu ya koma can.